Kibiyar linzami tana canza kama a Linux Mint, ku taimaka mini

Maman Zara, Tawa
Assalamu alaikum ƴan'uwa, ina kwananku, ya zafi? Ina da ƙaramin shagon buga takardu nan Tawa, kwamfuta huɗu, duk tsofaffi. Da aka ce Windows 10 ba zai ƙara samun gyaran tsaro ba daga 14 ga Oktoba 2025, ga shi injinan ba su ɗaukar Windows 11, sai ƙanena ya sa mana Linux Mint 21.3 mai Cinnamon. Aiki na tafiya, ba ni da kuka a kan wannan.

Damuwata kibiyar linzami ce. Kawuna ne ke taya ni bugu, hannunsa ya fi namu sauri duka, amma idonsa ya yi rauni. Baƙar kibiya tana saje masa da rubutu, fara kuma tana ɓacewa a kan farar takarda. Sai aka samo mana wani salo mai ruwan goro, sunansa Bibata-Modern-Amber. Na sa shi cikin dosiyen .icons, na zaɓe shi a Thèmes, ya fito da kyau. Amma da an kai ta kan mahaɗi a Firefox, ko gefen taga don a ja, sai ta koma wata ƴar baƙa. A Telegram, inda ɗalibai ke turo mana memuwar ɗinsu, ba ta canza ba ko kaɗan. Wurin sa kalmar sirri ma tsohuwar ce. Kawu yana ta lalube a allo, abin yana ba ni tausayi. Mi zan yi?

Abdu Siber, Wadata
Wa alaikumus salam Hajiya. Ni dai shawarata ki koma Windows. Can ki shiga saiti, ki ja girman kibiya, ki zaɓi launi, magana ta ƙare. Shago ba wurin gwaji ba ne.

Mai Gyara Katako
Abdu, ba abin da ta tambaya ke nan ba. Injin da kowa ke zuwa ya cusa masa kilensa daga safe zuwa dare, shi za ka ce a bari ba gyaran tsaro saboda kibiya? Wannan matsala tana gyaruwa.

Hajiya, danna Ctrl da Alt da T tare, baƙar taga za ta buɗe. Rubuta waɗannan ɗaya bayan ɗaya, ki turo mana abin da ya fito:

`echo $XDG_SESSION_TYPE`
`ls ~/.icons/Bibata-Modern-Amber`
`cd ~/.icons/Bibata-Modern-Amber/cursors`
`ls -l left_ptr hand2 pointer`

Ki lura da manyan baƙaƙe da ƙanana, Linux yana bambanta su.

Maman Zara, Tawa
Na gode ƙanena. Na farko ya ce x11. Na biyu ya nuna cursors da index.theme da cursor.theme. Na ƙarshe kuwa, left_ptr da hand2 kowanne lambarsa ta wuce dubu ɗari, amma pointer 5 kawai aka rubuta a gabansa.

Malamin Harobanda
Salamu alaikum jama'a. To ai ga cutar nan ta fito fili. Hajiya, ki rubuta `cat pointer`, ina kyautata zaton kalmar hand2 za ki gani, haruffa biyar, su ne 5 ɗin nan.

Bari in yi bayani, don wanda ya gane wannan ya gane rabin matsalolin kibiya a Linux. Abin da muke kira kibiya ba hoto ɗaya ba ne. Akwai ta nuni, akwai hannu, akwai sandar rubutu, akwai ta jira, akwai na jan gefe da na jan kusurwa. Kowace manhaja da suna take neman wadda take so. Tsofaffin manhajoji suna kiran sunayen da tsarin X, mai nuna tagogi a allo (shi ne x11 ɗin da ya fito miki), ya gada tun shekarun 1980, irin su left_ptr da xterm da hand2 da watch. Sababbi suna kiran sunaye irin na shafukan intanet: default, text, pointer, wait. Har akwai waɗanda ke nema da wani dogon suna na lambobi da baƙaƙe barkatai. Mai ƙera salo ba zai zana hannu sau biyar ba. Sau ɗaya yake zanawa, sauran sunayen ya mai da su mahaɗai masu nuni zuwa ga na ainihin. A `ls -l` irin wannan mahaɗi yana fitowa da harafin l a farkon layi, da ƴar kibiya a ƙarshe, kamar haka: pointer -> hand2.

Naki ya daina zama mahaɗi, ya koma fayil na rubutu mai ɗauke da sunan kawai. Firefox ya nemi pointer, ya buɗe, bai samu hoto ba, sai aka ba shi abin da ya samu. Ta wace hanya salon ya iso hannunki?

Maman Zara, Tawa
Wallahi hand2 ɗin ne ya fito Malam. Ƙanena ne ya sauke shi can Yamai a kwamfutar abokinsa mai Windows, ya kwance shi a can, ya zuba a kile ya aiko mini da shi a mota.

Malamin Harobanda
Shi ke nan. Kwancewar da aka yi a Windows ita ta lalata mahaɗan. Ko da ma a Linux aka kwance, yawancin kile-kilenmu FAT32 ne ko exFAT, kuma dukansu ba su san irin wannan mahaɗi ba. Ƙulli a ɗaure ya kamata ya yi tafiya, wato fayil ɗin da ya ƙare da .tar.xz, sai ya isa kwamfutar da za ta yi aiki da shi a kwance shi. Ki sauke shi daga shafin salon a GitHub, bai da nauyi. Ki kiyaye wanda aka rubuta Windows a sunansa, na ciki .cur ne da .ani, Linux ba ya karanta su a matsayin kibiya.

Don ki tabbatar da idonki, kafin ki goge tsohon ki gwada wannan, sannan ki sake gwadawa a kan sabon:

`find ~/.icons/Bibata-Modern-Amber/cursors -type l | wc -l`

Yana ƙirga mahaɗai ne. Yanzu sifili zai ba ki.

Abdu Siber, Wadata
Kun ga abin da nake faɗi? Don kibiya kawai an fara karatun jami'a. Hajiya, in dai sai kin zauna a Linux ɗin, ki yi `sudo chmod -R 777` a kan dosiyen icons gaba ɗaya. Ni duk abin da ya ƙi, da shi nake buɗe shi.

Mai Gyara Katako
A'a Hajiya, kar ki yi. Abdu, don Allah ka daina ba mutane wannan shawara. 777 yana nufin kowa da ke kan injin yana iya gogewa ya rubuta. Kuma a nan ba izini ne ya hana ba, fayil ɗin ne ba hoto a cikinsa. Ko ka ba shi izinin duniya, haruffa biyar ɗin nan ba za su zama hannu ba.

Abdu Siber, Wadata
Na ji, amma maganata ta farko tana nan. Mai shago lokacinta kuɗi ne.

Maman Zara, Tawa
Ku yi haƙuri, kuran ya tafi tun azahar sai yanzu. Na sauke sabon ta wayata, na tura kwamfutar a ɗaure. Tsohon ya ba ni 0 kamar yadda Malam ya ce. Yanzu ina zan kwance shi, cikin .icons ɗin dai?

Mai Gyara Katako
Ni ina ganin kar ki mai da shi can. Ki goge tsohon, ki sa sabon a wurin da kowa ke gani:

`rm -r ~/.icons/Bibata-Modern-Amber`
`sudo tar -xf Bibata-Modern-Amber.tar.xz -C /usr/share/icons --no-same-owner`

Na biyun ki yi shi daga cikin dosiyen da ƙullin yake. Bayan nan ki leƙa /usr/share/icons/Bibata-Modern-Amber ki tabbatar cursors yana nan kai tsaye. Na sha ganin injin da aka kawo mini, dosiye cikin dosiye mai suna ɗaya, cursors yana can ƙasa, salon ya ƙi fitowa a jeri sam.

Malamin Harobanda
Nan na ɗan saɓa da kai, Mai Gyara. Ba na son a saba wa sabon shiga da sudo, umarnin da ke ba mutum ikon taɓa ko'ina a injin. /usr/share wurin mai kula da fakiti ne, abin da mutum ya sa da hannunsa gidansa ya fi dacewa da shi. In ta yi kuskure a .icons, ita kaɗai abin ya shafa, ta goge ta sake. In ta yi kuskuren harafi ɗaya da sudo a gaba, musamman da rm, labari ya canza. Sannan ranar da za ta sake sa tsarin, abin da ke gida ana kwashe shi tare da takardu, na /usr/share kuwa mantawa ake yi.

Mai Gyara Katako
Malam, maganarka gaskiya ce ga mai kwamfuta shi kaɗai. Amma duba kokenta: har da allon shiga. Allon shiga na Mint, LightDM, ba da sunanta yake aiki ba, yana da nasa asusu. A lokacin da yake nuna kibiya ba a ma san wa zai shiga ba, ta yaya zai leƙa .icons ɗinta? Haka duk manhajar da aka buɗe da ikon root, wato babban asusun mai kula da injin, gidan root take dubawa. Kuma shago ne, wataƙila kawu na da nasa asusu, yara na da nasu. Umarnin da na ba ta ba ya goge komi a /usr/share, sabon dosiye kawai yake ƙarawa.

Ƴar Bukoki
Sannunku iyayena. In kun yarda in sa baki kan Telegram ɗin. Mama, daga Logithèque kika sa shi? Ki rubuta `flatpak list --app` ki ga ko yana ciki. In yana ciki to Flatpak ne, kuma shi tamkar baƙon da aka sauke a zaure ne, abin da aka fito masa da shi kawai yake gani, ba ya shiga cikin gida. Dosiyen .icons yana cikin abin da ba a fito masa da shi ba. Ya ji sunan salon, ya nema bai gani ba, sai ya ɗauki nasa.

Amma /usr/share/icons na injin, Flatpak da kansa yake nuna wa manhajojinsa shi. Don haka hanyar Baba Mai Gyara tana maganin wannan ma. Wanda ya fi son hanyar Malam, sai ya ba da izinin karantawa kawai:

`flatpak override --user --filesystem=~/.icons:ro`

Sannan a rufe manhajar gaba ɗaya a sake buɗewa. Telegram yana son maƙalewa a ƙasa kusa da agogo ko an rufe tagarsa, sai an danna dama an ce ya fita.

Malamin Harobanda
Madalla ɗiyata, kin kawo hujja. Ga injin shago na yarda a sa a /usr/share/icons. Ga kwamfutar mutum ɗaya ina nan kan bakana. Akwai kuma ~/.local/share/icons, shi Flatpak yana ganinsa, amma tsofaffin sigogin libXcursor ba su duba can, .icons kawai suka sani. Shi ya sa za ka ga mutum ya sa salo a can, ya fito a jerin zaɓi, amma wasu manhajojin suka ƙi shi.

Ɗan Talaje
Gafara dai, tunda ana maganar. Ni tawa ba canza launi take yi ba. Wani lokaci sai ta koma murabba'i mai ɗige-ɗige kamar talabijin da ba tasha, wani lokaci ta ɓace gaba ɗaya amma in na danna yana dannuwa. Ubuntu ne. Ita ma salon ne?

Mai Gyara Katako
Da wuya. Gwaji mai sauƙi: ka koma Adwaita ko DMZ-White. In murabba'in bai tafi ba, ba ruwan salo, direban katin hoto ne. Katin ne ke zana kibiya a wani shafi nasa dabam a saman hoton allo, in direba ya rikice sai ita kaɗai ta lalace. Bari mu gama da Hajiya mu dawo kanka.

Maman Zara, Tawa
Alhamdu lillahi, an samu ci gaba. Na bi ta Mai Gyara. Na sake zaɓen salon a Thèmes, na fita na sake shiga. Hannu ya fito da ruwan goro a Firefox, gefen taga ma haka. Telegram yana cikin jerin da ɗiyata ta ce, shi ma ya karɓi launin. Saura biyu: a Telegram kibiyar ƙarama ce, ba ta kai girman ta sauran wurare ba, allon shiga kuma yana nan yadda yake.

Malamin Harobanda
Na allon shiga mai sauƙi ne yanzu. Cikin menu ki nemi Écran de connexion, zai tambayi kalmar sirri. Akwai wurin zaɓen salon kibiya da girmanta a ciki, tunda salon ya koma inda yake gani zai fito a jerin.

Girma kuwa, nan ne za ki ga ba wuri ɗaya ake ajiye saitin ba. Cinnamon yana da nasa, shi ne wanda kike ja a saitin linzami. Manhajojin da aka gina da kayan aikin GTK suna jin wannan nan take. Telegram kuwa da wasu kayan aikin dabam, Qt, aka gina shi, irinsu sukan duba wani wuri. Ki turo mana amsar waɗannan:

`gsettings get org.cinnamon.desktop.interface cursor-size`
`xrdb -query | grep -i xcursor`

Maman Zara, Tawa
Na farko 48. Na biyu ya nuna Xcursor.theme da sunan salon daidai, Xcursor.size shi ma 48.

Ƴar Bukoki
To tsarin ya faɗi gaskiya, manhajar ce ba ta ji ba. Mama ki faɗa mata kai tsaye:

`flatpak override --user --env=XCURSOR_SIZE=48`
`flatpak override --user --env=XCURSOR_THEME=Bibata-Modern-Amber`

Wannan zai hau kan duk manhajojin Flatpak na asusun. Abin lura ɗaya: ranar da kika canza salo ko girma a saiti, waɗannan ba za su bi ba, sai kin sake rubuta su da sabon. `flatpak override --user --show` yana nuna abin da kika sa in kin manta.

Malamin Harobanda
In ƙara ɗaya, don gobe kar wata tsohuwar manhaja ta fito da baƙar kibiya ki ce abin ya dawo. Manhajar da ba ta ji sunan salo daga ko'ina ba, salon da ake kira default take nema. Ki ƙirƙiri dosiye default cikin .icons, ki sa fayil mai suna index.theme a ciki, da layi biyu kawai:

`[Icon Theme]`
`Inherits=Bibata-Modern-Amber`

Sunan da za ki rubuta sunan dosiyen ne harafi da harafi, ba wanda ake ƙawatawa a jerin zaɓi ba. Mutane da yawa a nan suke faɗuwa, su sa tazara a inda dosiyen ke da ƴar sanda. Akwai irin wannan fayil a /usr/share/icons/default, amma kar a gyara shi da hannu. A Debian da Ubuntu da Mint shi ma mahaɗi ne, `update-alternatives` ke riƙe da shi a ƙarƙashin sunan x-cursor-theme, sabuntawa tana iya shafe abin da aka rubuta.

Abdu Siber, Wadata
Tambaya ta gaskiya nake yi yanzu, ba gardama ba. Me ya sa ba za su haɗa duk wannan wuri ɗaya ba? Saiti biyar don abu ɗaya. Ni ina da yara masu koyo a siber, in na sa musu wannan wa zai riƙa bin su?

Malamin Harobanda
Tambayar tana kan hanya, kuma ba zan kare abin ba, nakasu ne. Dalilinsa shi ne ba kamfani ɗaya ya gina teburin Linux ba. X dabam, GTK dabam, Qt dabam, Flatpak ya zo daga baya da nasa shinge, kuma a al'adance kowace manhaja ita ke ɗauko hoton kibiyar da za a nuna a kan tagarta. A Wayland, sabon tsarin da ke maye gurbin X, an fito da wata ƙa'ida, cursor-shape, inda manhaja ke faɗin irin kibiyar da take so kawai, tebur ya zana. In kowa ya bi ta, yawancin wannan wahala ta kau, amma sai manhajar da teburin duka sun san ta. A Mint 21.3 Wayland na gwaji ne, ban ba mai shago shawarar shiga ba.

Ga yaranka kuwa, wanda ya tsaya kan salon da ya zo da tsarin, ya ja girma kawai, da wuya ya gamu da ko ɗaya cikin wannan. Hajiya lalura ce ta sa ta nemo launi na musamman, kuma lalurar ido ba abin wasa ba ce ga mai cin abinci da allo.

Maman Zara, Tawa
Jama'a Allah ya saka da alheri, ya ƙara sani. Telegram ya daidaita, allon shiga ma ya karɓa, na sa default ɗin kuma. Saura injina uku. In kwafe dosiyen daga wannan in kai musu?

Mai Gyara Katako
Amin Hajiya. Kar ki kwafi dosiyen ta kile, mahaɗan za su sake mutuwa. Ƙullin .tar.xz za ki ɗauka, ki maimaita umarnin tar a kowane inji, sannan Thèmes, sannan Écran de connexion. Umarnin flatpak da fayil ɗin default kuwa na kowane asusu ne, in inji na da asusu biyu sai kin yi sau biyu.

Ɗan Talaje, ka gwada Adwaita ɗin?

Ɗan Talaje
Na gwada Yaya, murabba'in yana nan. Ya fi yawa in injin ya farka daga barci.

Mai Gyara Katako
To direba ne. A X11 akwai zaɓin SWcursor da ke hana katin zana kibiya, ya bar wa tsarin, amma ba zan ba ka layin ba sai na san katinka da irin zaman da kake ciki, don Ubuntu tun 21.04 yawanci da Wayland yake tashi, can kuma wannan zaɓi ba ya aiki. Ka buɗe sabon zare, ka sa sigar Ubuntu ɗinka da amsar waɗannan biyu:

`echo $XDG_SESSION_TYPE`
`lspci -k | grep -A3 -i vga`